Kamfani ya riƙe mini kuɗi: in nemi kotu ta rushe shi?

Tambaya: "Assalamu alaikum Barista. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, ina kai wa wani kamfanin casar shinkafa shanshera. Bara sun karɓi kayana na naira miliyan 38, suka biya miliyan 8, saura miliyan 30 har yau sai alkawari. Yanzu injinansu ma a tsaye suke, ma'aikata sun yi watanni babu albashi, kuma na ji banki ma yana bin su. Wani abokina ya ce in kai su kotu ta rushe kamfanin, a sayar da kayansu a biya ni. Shin doka ta ba ni wannan damar? Yaya ake yi, kuma zan sami kuɗina?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya warware maka. Tambayarka ta ƙunshi abu biyu: na farko, ko mai bin bashi yana da hurumin ya nemi kotu ta rushe kamfanin da ya kasa biyansa, na biyu, ko yin hakan zai dawo masa da kuɗinsa. Amsar ta farko ita ce e, doka ta ba ka wannan damar ƙarara. Ta biyun ce mai nauyi, domin sau da yawa wanda ya shigar da ƙarar, ya biya lauya, ya yi ta zirga-zirgar kotu, shi ne yake tashi da abin da bai taka kara ya karya ba, alhali banki da hukumar haraji sun kwashe kaso mafi tsoka. Saboda haka abin da abokinka ya faɗa maka gaskiya ne, amma bai kai ƙarshen zancen ba.

Da wa ka yi ciniki?

Kafin komai sai an tabbatar da irin rajistar da masana'antar take da ita a Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa, wato CAC. Jama'a suna kiran kowace masana'anta kamfani, amma doka ta raba su. Idan sunan kasuwanci kawai mai ita ya yi wa rajista, to shi da kasuwancin abu ɗaya ne, kana iya kai shi ƙara shi da kansa, kuma gidansa da motarsa da gonarsa duk suna iya shiga cikin biyan bashin. A nan babu maganar rushewa sam. Idan kuwa kamfani ne mai hannun jari, irin wanda sunansa yake ƙarewa da Ltd ko Plc, doka tana kallonsa a matsayin wani mutum daban, mai dukiyarsa da bashinsa, wanda ba masu shi ba. Wannan ƙa'ida ta kafu ne a Ingila tun 1897 a shari'ar Salomon, kuma kotunan Najeriya suna bin ta har yau. Ma'anarta a wurinka ita ce, ko da shugaban kamfanin yana da gidaje a Nasarawa da Abuja, bashin kamfanin ba ya hawa kansa, sai fa idan ya sa hannu a rubuce cewa ya tsaya wa kamfanin, ko kuma an kama shi da zamba. Zan ɗauka cewa naka kamfani ne mai hannun jari, tunda akasarin manyan injinan casa da ke karɓar rancen banki haka suke.

Dokar da ke tafiyar da wannan al'amari ita ce dokar kamfanoni ta 2020, wadda aka fi sani da CAMA, da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Agustan wannan shekarar, ta maye gurbin ta 1990. Kotun da ke da hurumi kuma ita ce Babbar Kotun Tarayya ta yankin da ofishin rajistar kamfanin ko hedikwatarsa take, domin sashe na 251 na tsarin mulkin 1999 ya keɓe mata shari'o'in da suka shafi tafiyar da kamfanoni. Babbar kotun jiha ba ta rushe kamfani, haka ma kotun majistare da kotun shari'ar Musulunci, ko da dukkan ɓangarorin Musulmi ne.

Yadda ake tabbatar da cewa kamfani ya kasa biya

Sashe na 571 ya jera dalilan da kotu za ta iya rushe kamfani a kansu, wanda ya shafe ka a ciki shi ne cewa kamfanin ya gaza biyan basussukansa. Sashe na 572 kuma ya ba da hanyoyi uku na nuna wannan gazawar. Ta farko, wadda aka fi bi, ita ce mai bin bashi ya rubuta takardar neman biya da sa hannunsa, ya ajiye ta a ofishin rajistar kamfanin ko hedikwatarsa, sannan mako uku su wuce kamfanin bai biya ba, bai ba da jingina ba, bai kuma yi wani sulhu da ya gamsar da mai bin bashin ba. Ta biyu ita ce a ce ka riga ka sami hukuncin wata kotu a kan kamfanin, ma'aikatan kotu suka je aiwatarwa suka dawo ba su sami abin da zai biya ba. Ta uku ita ce kotu da kanta ta duba dukiyar kamfanin da bashin da ke kansa, har da wanda lokacin biyansa bai yi ba, ta gamsu cewa ba zai iya biya ba.

Akwai mafi ƙarancin bashin da ake shigar da irin wannan ƙara a kansa. A tsohuwar doka naira 2,000 ne, dokar 2020 ta ɗaga shi zuwa sama da naira 200,000, sannan dokar sauƙaƙa kasuwanci ta 2023 ta bar wa CAC ikon ƙayyade adadin. Naka bashin ya wuce wannan nesa ba kusa ba.

Takardar neman biyan nan ƙarama ce, amma a kanta ƙararraki da yawa suke faɗuwa. Na sha ganin an kai ta masana'anta an miƙa wa maigadi, alhali adireshin da ke rajistar CAC wani ofishi ne a wani gari. Na ga wadda lauya ya sa wa hannu a madadin mai bin bashin, lauyan kamfanin ya kama wannan ya yi ta jan shari'a a kai. Na ga kuma wanda haƙurinsa ya ƙare ya shigar da ƙara kafin kwana 21 su cika. Shawarata ita ce ka sa hannu da kanka, a kai ta adireshin da binciken CAC ya nuna, a karɓo shaidar cewa an ajiye ta, a rubuta ainihin adadin da babu gardama a kansa, sannan a ƙirga kwanakin da kyau. Saƙon WhatsApp da kiran waya suna da amfani a matsayin shaida, amma ba sa maye gurbin wannan takarda.

Bashin da ake gardama a kansa

Nan ne nake so ka fi mai da hankali, Alhaji. Kotunan Najeriya sun daɗe suna nanata cewa ƙarar rushe kamfani ba hanyar karɓar bashi ba ce. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 2004 a shari'ar Air Via da Oriental Airlines: idan kamfani yana musun bashin da gaske, kuma yana da dalili mai tushe, to sai mai nema ya fara zuwa kotun da ta dace ya tabbatar da bashinsa, kafin ya zo neman rushewa. Hikimar hakan a fili take. Rushewa tana kashe kamfani ne gaba ɗaya, ta raba ma'aikata da aikinsu, don haka ba za a bari wani ya yi amfani da ita wajen tsorata kamfani mai lafiya ya biya kuɗin da ba a tabbatar ana bin sa ba.

A cinikin shanshera kuwa ƙofofin gardama suna da yawa, kai ma ka fi ni sani. Za su ce kayan sun zo da danshi, ko da tsakuwa da ƙaiƙayi, ko awon da aka yi a sikelinsu bai kai wanda ke kan takardarka ba, ko farashin da aka yi magana a kai ba shi ne ka rubuta ba, ko kuma wani dillali ne ya kawo kayan ba kai ba. Ba kowace gardama kotu take karɓa ba. Idan ta ga an ƙirƙiro musun ne bayan an sami takardar neman biya, tana watsi da shi. Amma idan cinikin da baki aka yi shi, babu takardar oda, babu takardar sikeli, babu sa hannun sito, to lauyan kamfanin ba zai sha wahala ba wajen nuna cewa akwai abin da sai an kira shaidu, kuma da zarar alƙali ya yarda da haka ƙararka ta mutu, wataƙila ma a ɗora maka kuɗin ɓata lokaci.

Miliyan 8 ɗin da suka biya tana taimakonka, musamman idan ta banki suka turo. Abin da ya fi ta ƙarfi shi ne takarda a kan takardar kamfanin mai tambarinsa, da sa hannun darakta ko akanta, wadda ta ce sun yarda ana bin su naira miliyan 30. Idan har yanzu kuna gaisawa, ka nemi a zauna a daidaita lissafi a sa hannu, tun kafin su ji ƙamshin kotu. Wannan takardar guda ɗaya ta fi duk wata barazana amfani, kuma tana sabunta wa'adin da doka ta ba ka na shigar da ƙara, wanda shekara biyar ne a wasu jihohi, shida a wasu.

Tafiyar shari'ar

Ana shigar da takardar koke ne a Babbar Kotun Tarayya bisa ƙa'idojin rushe kamfanoni na 2001, tare da takardar rantsuwa mai tabbatar da abin da ke cikinta, sannan a kai wa kamfanin sammaci. Koken ba ya cewa a biya ka. Abin da yake nema shi ne a rushe kamfanin. Bayan haka sai a nemi izinin alƙali a buga sanarwa a gazet ɗin gwamnati da jaridu, aƙalla kwana 15 kafin ranar sauraro. Yawanci a wannan gaɓar ake gwabza faɗa mafi tsanani, domin kamfani ya san cewa ranar da sanarwar ta fito, bankuna za su ja baya, masu kawo kaya za su tsaya, duk wanda yake bin sa ko sisi zai taso.

A ranar sauraro sauran masu bin bashi suna da damar su bayyana, wasu su goya maka baya, wasu su yi adawa, kuma kotu tana duba ra'ayinsu. Tana iya korar koken, ko ta ɗage, ko ta ba da umarnin wucin gadi, ko ta rushe kamfanin. Idan akwai hujjar cewa ana kwashe injina da daddare ko ana karkatar da kuɗi, ana iya roƙon ta naɗa mai riƙon ƙwarya da zai tsare dukiyar kafin a yanke hukunci.

Idan aka ba da umarnin rushewa, doka tana ƙirga farkon rushewar daga ranar da aka shigar da koken, ba daga ranar hukunci ba. Duk kadarar da kamfanin ya sayar ko ya bayar a tsakanin nan, cinikin ya ɓaci sai idan kotu ta halatta shi. Ikon daraktoci ya ƙare. Duk wata ƙara a kan kamfanin ta tsaya sai da izinin kotu. Jami'in kotu mai karɓar dukiya, wanda mataimakin babban magatakardan Babbar Kotun Tarayya ne ko wani da babban alƙali ya ayyana, yakan fara riƙe al'amura, daraktoci su miƙa masa bayanin dukiya da basussuka a kan rantsuwa, sannan masu bin bashi da masu hannun jari su yi taro a kan wanda za a naɗa likwideta, wato mutumin da zai tattara dukiyar, ya sayar, ya raba. Dokar 2020 ta ce sai ƙwararre mai lasisi, galibi lauya ko akanta mai aƙalla shekara biyar da gogewa, kuma akasarinsu 'yan BRIPAN ne, wato ƙungiyar ƙwararru kan ceto da rushe kamfanoni. Kai kuma za ka miƙa masa hujjar bashinka kamar kowa. Idan ya gama, kotu ta ba da umarnin shafe kamfanin, CAC ta rubuta a rajistarta, duk bashin da ya rage ya tafi ke nan.

Layin biya, da inda kake tsaye a cikinsa

Sashe na 581 ya ce umarnin rushewa yana aiki ne don amfanin dukkan masu bin bashi, tamkar tare suka shigar da ƙarar. Wanda ya riga kowa zuwa kotu ba ya samun fifiko ko na kwabo, in ban da kuɗin shari'ar da kotu ta amince a mayar masa daga dukiyar. Abin ya yi kama da rabon gado: ba wanda ya fara kai maganar gaban alƙali ne yake fin kowa kaso ba, kowa yana samun abin da matsayinsa ya ba shi ne.

Na farko a layi shi ne wanda yake riƙe da jingina a kan takamaiman kadara, kamar fili da gini da manyan injina, kuma kusan kullum banki ne. Shi ba ya ma jiran rabo; kadarar da aka jinginar masa yake sayarwa ya ɗauki kuɗinsa. Daga nan sai kuɗin aikin rushewar, da basussukan da sashe na 657 ya fifita, irin su harajin da ya hau kamfanin a wata 12 na ƙarshe, da kuɗin fanshon da aka cire wa ma'aikata, da albashinsu da kuɗin hutunsu. Sai mai jingina ta bai-ɗaya, wadda ta lulluɓe hajar da ke sito da kuɗin da kamfanin yake bin wasu. Bayan duk waɗannan ne ake zuwa kan masu bin bashi marasa jingina, inda kake, ku raba abin da ya rage gwargwadon bashin kowa. Masu hannun jari su ne na ƙarshe.

Ga misali na lissafi, ba na kamfaninka ba. A ce an sayar da komai a kan naira miliyan 900. Banki mai jingina yana bin miliyan 750. Kuɗin aiki da haraji da albashi sun ci miliyan 100. Saura miliyan 50. Idan jimillar bashin masu kawo shanshera da buhuna da man dizal da masu motoci ta kai miliyan 500, kowa zai sami kwabo 10 a kan kowace naira, wato miliyan 30 ɗinka ta koma miliyan 3. Wannan ma bayan shekaru ne, domin ana ɗaukaka ƙara, ana jayayya a kan kadarori, kuma injin da ya daɗe a tsaye ba ya yin daraja a gwanjo. Darajar nairar da za ta zo hannunka a lokacin ma ba ta yau ba ce. Idan bashin bankin ya fi kuɗin da aka samu, ku marasa jingina ba za ku ga komai ba.

Shi ya sa aikin farko da nake yi wa duk wanda ya zo mini da irin wannan magana shi ne binciken fayil ɗin kamfanin a CAC, ba rubuta koke ba. Doka ta wajabta a yi wa jingina rajista a can cikin kwana 90, wadda ba a yi wa ba kuwa ba ta da ƙarfi a kan likwideta da sauran masu bin bashi. Akwai kuma rajistar jinginar kayan da ake iya ɗauka, wadda Babban Bankin Najeriya yake kula da ita ƙarƙashin dokar 2017. Waɗannan biyun za su nuna maka wanda ya riga ka da kuma nawa yake bi. Za ka kuma gane ko bankin ya riga ya naɗa risiba, wato wanda zai karɓi kadarorin da aka jinginar don a biya bankin, a kan masana'antar, wanda idan haka ne, ya riga ya shiga gabanka.

Wasu 'yan kasuwarmu sukan tambaye ni, ai a fiƙihu wanda ya sami kayansa da idonsu a hannun wanda ya karye shi ya fi cancanta da su. Haka ne, babin taflisi a mazhabar Malikiyya ya tanadi wannan, kamar yadda ya tanadi alƙali ya hana wanda ya karye taɓa dukiyarsa idan masu bin sa suka nema, a raba musu gwargwadon bashinsu. Amma a dokar kamfanoni, da zarar ka sayar ka miƙa kaya sun zama na kamfanin, sai idan yarjejeniyarku ta faɗa a rubuce cewa mallakar tana hannunka har a gama biya. Taka shansherar kuma an riga an cashe ta an sayar tun bara. Wannan sharaɗin yana da kyau ka riƙa sa shi a cinikin gaba.

Yaushe rushewar take da amfani?

Ba ina cewa ba ta da amfani ba ne. Tana da shi a hali biyu da na gani da idona. Na farko, idan kamfanin yana da kuɗi ko yana da mai tsaya masa, taurin kai ne kawai ya hana biya. Irin wannan yakan nemi sulhu da zarar takardar mako uku ta iso, ko kafin a buga sanarwa. Sai dai a nan ma akwai tarko: idan an biya ka bayan an shigar da koke, wani mai bin bashin yana iya roƙon kotu ta sa shi a gurbinka ya ci gaba da ƙarar, kuma idan aka rushe kamfanin daga baya, likwideta zai iya neman ka dawo da abin da ka karɓa. Don haka sulhun da aka yi kafin shigar da koke ya fi tsabta, wanda aka yi bayansa kuma a kai shi gaban alƙali ya amince.

Na biyu, idan akwai alamar cewa masu kamfanin suna kwashe dukiyarsa. Na taɓa riƙe wata shari'a da daraktoci suka buɗe sabon kamfani da sunan 'yan'uwansu, suka mayar masa da motoci da abokan ciniki, suka bar tsohon da bashi kawai. Mai bin bashi shi kaɗai ba shi da ikon buɗe littattafan kamfani, amma likwideta yana da shi. Yana iya neman kotu ta warware cinikin da aka yi a kan farashin banza, ta soke biyan da aka yi wa wani don a fifita shi gab da karyewa, ta kuma kira daraktoci su amsa tambayoyi a kan rantsuwa. Dokar 2020 ta ƙara wani tanadi mai muhimmanci: daraktan da ya sani, ko ya kamata ya sani, cewa kamfanin ba zai tsira ba, amma ya ci gaba da karɓar kayan mutane bashi ba tare da ya yi abin da zai rage asararsu ba, kotu tana iya sa shi ya biya daga aljihunsa. Idan lokacin da suka karɓi shansherarka sun riga sun san jirgin ya nutse, wannan tanadin ya shafe su. Tabbatar da hakan yana cin kuɗi da lokaci, kuma abin da aka ƙwato na dukkan masu bin bashi ne, amma a irin wannan hali babu wata hanya da ta fi ta.

Sauran hanyoyin da ke gabanka

Idan bashin a rubuce yake kuma babu musu, ƙarar neman biya a babbar kotun jiha ta hanyar hukuncin gaggawa takan fi sauri. Da hukunci a hannu kana iya sa kotu ta riƙe kuɗin da ke asusun kamfanin a banki, ko wanda dillalan shinkafarsa suke riƙe da shi, kuma abin da ka kammala karɓa kafin a fara rushewa naka ne kai kaɗai. Idan aka je aiwatarwa ba a sami komai ba, ka sami hujja ta biyu ta sashe na 572 wadda kamfanin ba zai iya musu a kanta ba.

Dokar 2020 ta kuma kawo hanyoyin ceto da babu su a da. Akwai wadda kotu take naɗa ƙwararre ya karɓi ragamar kamfanin, a dakatar da duk masu bin bashi na wani lokaci, ya yi ƙoƙarin tayar da shi ko ya sayar da shi yana aiki. Mai bin bashi ma yana iya neman wannan, kuma wa'adinta shekara ɗaya ne sai idan an ƙara. Akwai kuma yarjejeniyar da daraktoci suke gabatarwa ta biya kashi-kashi ko yafe wani ɓangare, wadda idan masu rinjaye suka amince take hawa kan kowa. Injin casa mai aiki, da ma'aikatansa da abokan cinikinsa, ya fi tarin ƙarafa daraja ƙwarai, don haka idan matsalar kamfanin ta rashin jarin sayen shanshera ce ko tsadar wuta, ba ta sata ba, ni na fi karkata ga waɗannan. Kana ma iya karɓar wani ɓangare da shinkafa casassa ko da aikin casa, ko ka nemi wani darakta ya tsaya wa ragowar da sunansa a rubuce, wanda hakan yake fitar da kai daga dogaro da dukiyar kamfanin kaɗai.

Abu ɗaya da zan hana ka shi ne kai maganar wurin 'yan sanda ko EFCC don su karɓo maka. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, kuma na ga masu bin bashi da kotu ta ci tararsu saboda sun sa an tsare wanda suke bi. Idan sun ba ka cakin da ya dawo babu kuɗi, wannan laifi ne daban a ƙarƙashin dokar 1977, lauyanka zai duba shi.

Duk abin da na faɗa ya tsaya ne a kan bayanin da ka bayar, kuma takardunka da fayil ɗin kamfanin suna iya sauya shawarar, don haka sai ka zauna da lauyan da ya saba da Babbar Kotun Tarayya ya duba su ɗaya bayan ɗaya. Amma da ni ne a matsayinka, a wannan makon zan sa a yi binciken CAC da na rajistar jingina, in tattara takardun sikeli da na banki, in nemi sa hannunsu a kan ragowar miliyan 30, in kuma tuntuɓi sauran masu kawo musu kaya, domin idan har ta kai ga kotu, ku haɗa kuɗin lauya ku tafi da murya ɗaya wajen zaɓen likwideta. Idan binciken ya nuna akwai kadarar da ba a jinginar ba, ko ana kwashe dukiya, a aika takardar mako uku. Idan kuwa ya nuna banki ya lulluɓe komai kuma bashinsa ya fi darajar masana'antar, kada ka zuba wasu kuɗin a kan koken rushewa; ka nemi sulhu da tsayawar darakta tun suna da abin bayarwa.